Ƴan matan Himeyuri: abin da muka gani a bakin wani kogo a Okinawa

Tarihinmu na yau daga nesa ya fito, amma duk mai ɗiya a lakwal in ya karanta zai ji shi kusa.

In aka ce Japan da yaƙin duniya na biyu, abin da ke zo wa kowa a rai Hiroshima da Nagasaki. Mu ma iyakar saninmu ke nan, har ranar da wani horo na ƴan makwanni ya kai mu tsibirin Okinawa, can kudancin ƙasar, kimanin kilomita 1,500 daga Tokiyo. Tsibirin siriri ne, tsawonsa kusan kamar daga Maraɗi zuwa Tasawa. A kansa aka yi yaƙin ƙasa mafi muni da ya taɓa farar hula a Japan, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Yuni na 1945. Mutum wajen 200,000 suka mutu cikin wata ukun nan, kuma ana ƙiyasta cewa cikin kowane mutum huɗu na Okinawa ɗaya ya tafi.

Ranar hutu aka ɗauke mu cikin kar daga Naha, babban birnin tsibirin, zuwa Itoman da ke kudu. Tafiyar ba ta kai awa guda ba, hanya duk gonakin rake. Da muka sauka, wallahi ba mu ga alamar wurin baƙin ciki ba: shagunan tsaraba, motocin ƴan yawon buɗe ido, ƴan lakwal cikin kayan makaranta, masu sayar da furanni a bakin ƙofa. Sai da muka shiga cikin inuwar itatuwa hayaniya ta ɗauke. Ga babban farin dutse an rubuta sunaye a jiki, ga wani ƙaramin tsohon dutse a gefe wanda bai kai ƙugun mutum ba, ga tsuntsayen takarda kala-kala da yara suka naɗe aka rataye su jeri-jeri. Tsakanin mu da farin dutsen kuwa, rami ne baƙi ƙirin a cikin ƙasa, an yi masa shinge. Wannan ramin shi ne abin da jama'a ke zuwa gani. Sunan wurin Himeyuri no To, wato hasumiyar Himeyuri, gidan tarihin kuma yana nan gefensa.

To, su wane ne Himeyuri?

Ɗalibai mata ne na makarantu biyu da ke harabar guda kusa da Naha: sashen mata na makarantar horar da malamai ta Okinawa, da babbar makarantar ƴan mata ta ɗaya ta jihar. Kowace makaranta na da ƴar mujallarta, ɗaya Otohime, ɗaya Shirayuri, sai aka haɗa sunayen biyu aka samu Himeyuri. Shiga waɗannan makarantu sai yarinya mai ƙwazo, iyaye na alfahari da ita kamar yadda muke yi in ɗiyarmu ta ci jarrabawar shiga babbar makaranta. Da yawansu malanta suke buri. Ba makarantar jinya suka shiga ba. Ɗan horo ne kawai aka yi masu watanni kaɗan kafin yaƙi ya iso.

Ɗakin farko na gidan tarihin rayuwar makaranta yake nunawa, kuma nan muka fara ganin inda abin ya samo tushe. Okinawa a da masarauta ce mai cin gashin kanta, ana ce mata Ryukyu, da sarkinta da harshenta. A 1879 Japan ta rushe sarautar ta mai da ita jiha. Daga nan aka dage sai an mai da mutanen tsibirin cikakkun Japanawa. A lakwal, yaron da ya yi magana da harshen gidansu ana rataya masa wani ɗan allo a wuya, ba ya rabuwa da shi sai ya kama wani yana irin laifinsa. Da muka ji haka sai muka dubi juna, don iyayenmu da yayyenmu sun sha ba mu labarin sambol, abin da ake rataya wa yaron da ya yi Hausa ko Zabarmanci a lakwal ɗin Faransa. Mutanen da aka raina harshensu haka, sai ya zama suna ɗokin su nuna su ma ƴan ƙasa ne na gaske. Da yaƙi ya yi zafi, darasin boko ya ja baya, aka koma atisaye, gina sansanin soja, da haddace cewa mutuwa don Sarkin Japan ita ce babbar daraja, faɗawa hannun abokin gaba kuwa abin kunya ne da ya fi mutuwa. An kuma cusa masu cewa Amurkawa in sun kama mace, ba abin da ba za su yi mata ba kafin su kashe ta. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Daren 23 ga Maris 1945, da jiragen Amurka suka fara ruwan wuta a tsibirin, aka tattara ɗalibai 222 da malamai 18, jimla 240, aka nufi da su asibitin soja da ke Haebaru, gabas da Naha. Shekarunsu 15 zuwa 19. Waɗanda suka rayu sun ba da labari cewa sun zaci ginin asibiti za su tarar, da tutar Red Cross a sama, inda ba a harbi. Wasu har da littattafai da kaye da alƙalami suka tafi, da matajin kai, suna cewa in an samu sarari za a yi bita, tunda sati ɗaya ko biyu za a gama da abokan gaba. Abin da suka tarar ramuka ne masu yawa da aka haƙa cikin tudu, da gadaje na katako hawa biyu a jikin bango. A nan, cikin wata bukkar soja, aka yi wa ƴan ajin ƙarshe bikin gama makaranta a daren 29 ga Maris, da hasken kyandir, ƙarar igwa na tashi. Ranar 1 ga Afrilu sojan Amurka suka sauka a babban tsibirin.

Daga nan masu rauni suka fara kwararowa, har ramuka suka cika. Aikin ƴan matan, kamar yadda aka rubuta shi a bango da bakin waɗanda suka yi shi, ba irin na nas da muka sani ba ne. Su ke kwashe fitsari da bayan gida. Su ke cire tsutsa daga gyambo. Su ke danne soja ana yanke masa hannu ko ƙafa, sau da yawa ba allurar kashe zafi, sannan su ɗauki abin da aka yanke su kai waje su binne. Su ke fitar da gawa da dare. Ɗebo ruwa da ɗauko shinkafa daga madafa shi ne aikin da ya fi haɗari, don sai an fita fili, mutum biyu na ɗauke da ganga a sanda, harsashi na sauka. Abinci ya yi ta raguwa har ya koma dunƙulen shinkafa guda a yini, wanda bai fi ƙwan kaza ba. Babu wurin kwanciya. Wasu a tsaye suke gyangyaɗi, sun jingina da bango. Ga zafi, ga wari, ga ƙwarƙwata, ga ihun masu neman ruwa. Yarinya ƴar shekara 16 fa. Ku dubi ƴar gidanku mai wannan shekaru ku auna.

Abin da ƴan matan ba su sani ba shi ne, manyan soja ba su sa ran cin wannan yaƙi ba. Aikin da aka ɗora wa runduna ta 32, ƙarƙashin Janar Ushijima Mitsuru, shi ne ta ja yaƙin ya daɗe iyakar iyawa, don manyan tsibiran Japan su samu lokacin shiri. Shi ya sa har yau mutanen Okinawa ke cewa an yi fansa da su. A ƙarshen watan Mayu, da hedkwatar rundunar da ke ƙarƙashin fadar Shuri ta kusa faɗuwa, maimakon a miƙa wuya sai aka yanke shawarar ja da baya zuwa kudu, daidai inda dubban farar hula suka gudu suka ɓuya. Ranar 25 ga Mayu aka ba asibitin Haebaru umarnin tashi. Ƴan matan suka bi dare cikin ruwan sama da taɓo, suna tallafe da masu iya tafiya. Sojojin da ba sa iya motsi aka bar su a ramuka, kuma akwai shaidar cewa an ba wasu madara da guba a ciki.

A kudu babu sauran asibiti sai suna. Aka rarraba su cikin kogunan dutse na halitta, waɗanda mutanen wurin ke kira gama. Magani ya ƙare, bandeji ya ƙare. Soja da farar hula suka cakuɗe wuri guda. Akwai inda soja suka kori iyalai daga kogo don su shiga, akwai waɗanda aka kashe bisa zargin leƙen asiri don kawai an ji su suna magana da harshen Okinawa.

Yanzu ga lissafin da ya tsayar da mu. Daga 23 ga Maris zuwa 18 ga Yuni, kusan wata uku ana wannan aiki cikin wuta, waɗanda suka mutu cikin mutum 240 ɗin nan ba su wuce 19 ba. Amma jimlar waɗanda suka mutu 136 ne: ɗalibai 123 da malamai 13. To sauran fiye da 100 ɗin, yaushe suka mutu? Cikin ƴan kwanakin da suka biyo bayan 18 ga Yuni.

A daren ranar aka tara su aka ce an sallame su. Aikinku ya ƙare, kowa ya fita daga kogo ya san inda dare ya yi masa. Alhali sojan Amurka na ƴan taku kaɗan, jiragen ruwa sun tare teku, jiragen sama na shawagi. Ba wanda ya ce masu su ɗaga farin ƙyalle su fita, ba wanda ya nemi a tsagaita wuta a fitar da su. An yi aiki da su har ƙarfinsu ya ƙare, sannan aka sake su a tsakiyar fagen fama.

Ramin da muka tsaya a bakinsa shi ne kogon sashen tiyata na uku, a ƙauyen Ihara. Da asubar 19 ga Yuni, waɗanda ke ciki ba su kai ga fita ba sojan Amurka suka iso. Aka yi ta kira su fito, ba wanda ya fito, don an riga an koya masu abin da fita ke nufi. Sai aka jefa bama-bamai masu farin hayaƙi mai shaƙe mutum. Mutum wajen 100 ke ciki, fiye da 80 suka mutu. Cikin ƴan Himeyuri 51 da ke kogon, ɗalibai da malamai, 42 ba su fita da rai ba.

Waɗanda suka fita daga sauran koguna suka yi ta gudu har ƙasa ta ƙare masu a bakin teku, gaba ruwa baya wuta. Wasu harsashi ya same su a hanya, wasu igiyar ruwa ta tafi da su. A gaɓar Arasaki, ranar 21 ga Yuni, wani malami da ɗalibansa suka tayar da gurneti a tsakaninsu, mutum goma suka mutu, don kada a kama su. Waɗanda aka kama kuwa, abin da suka gani ya ɗaure masu kai: aka ba su ruwa, aka wanke masu rauni, aka kai su sansani. Nan suka gane ƙarya aka yi masu. Da ƙawayensu sun san haka, da da yawa sun ga jikokinsu. Wannan shi ne abin da muka ce ku riƙe. Gurnetin soja ne ya ba da shi, amma hannun da ya zare ƙusarsa a aji aka horar da shi.

Yadda dutsen tunawa ya samu shi ma labari ne. A farkon 1946 hukumar sojan Amurka ta tsugunar da mutanen ƙauyen Mawashi a wannan yanki na kudu. Suka tarar ko'ina ƙasusuwan mutane, gona ba ta nomuwa. Shugaban ƙauyen, Kinjo Washin, ya sa aka yi gayya aka tattara ƙasusuwan wuri guda, na mutum wajen 35,000, aka gina masu makwanci da ake kira Konpaku no To. Shi kansa ɗiyansa mata biyu suna cikin ƴan Himeyuri da suka mutu. A watan Afrilu na shekarar ya kafa ƙaramin dutsen nan da muka gani a bakin kogo. Ba gwamnati ta fara ba, uba ne da ya rasa ƴaƴansa.

Waɗanda suka rayu kuma, shekaru da yawa ba sa son magana. Akwai waɗanda ko hanyar kudu ba sa bi. Abin da ke cin su shi ne, da wane ido za su dubi iyayen ƙawayensu? Ɗaya daga cikin malaman da suka tsira, Nakasone Seizen, shi ya riƙa tattara abin da ɗalibansa suka rubuta, ya fitar da littafi a 1951. A 1953 aka yi fim a kansu wanda ya yi tashe a duk Japan, sunan Himeyuri ya zagaye ƙasa. Amma a bakin jama'a labarin ya riƙa komawa na kyawawan ƴan mata da suka ba da ransu don ƙasa da farin ciki, abin a yi kuka a yi tafi. Wannan ya dami waɗanda suka ga abin da idonsu. Su sun san ba kyau a cikinsa, sun san ƙawayensu uwa suke kira lokacin da rai ke fita.

Shi ya sa, da suka manyanta, ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantun biyu ta tashi ta nemi gudummawa ta gina gidan tarihin da kanta. Matan da suka yi shekara kusan arba'in suna gudun kogunan nan suka koma cikinsu suna tono, suka fito da mataji, alƙaluma, kwanonin abinci da kayan aikin likita, waɗanda yanzu ke cikin gilas. Aka buɗe shi ranar 23 ga Yuni 1989, ranar da Okinawa ke tunawa da mamatan yaƙin kowace shekara. Har yau ba na gwamnati ba ne, da kuɗin tike da gudummawa yake tafiya. Shekara da shekaru su da kansu ke tsayawa a ɗakunan suna ba baƙi labari, har tsufa ya ci ƙarfinsu. A 2015 suka daina laccar da suke yi wa ƴan makaranta, suka miƙa wa matasan da aka haifa bayan yaƙi. A 2021 aka sake tsara wurin don yaran da ko kakanninsu ba su ga yaƙin ba.

Ɗakin da ya fi kama mu shi ne mai duhun nan da hotuna suka zagaye bango. Mutum 227 ake tunawa da su a ciki, wato 136 ɗin da sauran ɗalibai da malaman makarantun da yaƙin ya ci a wasu wurare. Ƙarƙashin kowace fuska an rubuta sunanta, da ɗan bayanin halinta, da inda aka gan ta a ƙarshe. Wannan gwanar waƙa ce, waccan mai son wasa da dariya, waccan shiru-shiru. A tsakiya ga manyan littattafai a buɗe, shaidar waɗanda suka tsira. A ƙarshen ɗakin an gina kwatankwacin kogon daidai girmansa, yadda mutum zai tsaya kamar yana ƙasan ramin ya ɗaga kai ya ga ɗan hasken da ke shigowa ta baki. Ƴan lakwal ɗin da muka gani suna dariya a ƙofa, a nan ko tari ba ka ji. Mu ma ba wanda ya ce uffan har muka fito.

Kada a zaci su kaɗai ne. Makarantun sakandare 21 na jihar duk an ɗebi ɗalibansu. Ƴan mata zuwa jinya, ƴan maza tun daga shekara 14 zuwa rundunar da aka sa wa suna Tekketsu Kinnotai, suna kai saƙo da ɗaukar harsashi, wasu har da bom a aka tura su gaban tankokin yaƙi. Himeyuri ce dai aka fi sani. Kuma ciwon bai warke da wuri ba. Okinawa ta zauna ƙarƙashin mulkin Amurka har 1972, kuma har yanzu kusan kashi 70 cikin 100 na filayen sansanonin da sojan Amurka ke riƙe da su a Japan suna wannan ƙaramar jiha. A watan Yuli na 1975, da Yarima Akihito mai jiran gado ya zo ajiye furanni a bakin wannan kogo, wasu matasa da suka ɓuya a ciki suka jefo kwalbar fetur mai wuta. Bai ji rauni ba, kuma ya ci gaba da zuwa Okinawa sau da yawa har bayan ya hau gadon sarauta.

Kafin mu koma Naha an biya da mu Mabuni, ƴan kilomita kaɗan gabas, inda yaƙin ya ƙare. A can, tun 1995, an jera baƙaƙen duwatsu suna fuskantar teku, ɗauke da sunaye fiye da 240,000: farar hula da soja, ƴan Okinawa, Japanawa, Amurkawa, ƴan Koriya, ƴan Taiwan, ƴan Ingila, ba a ware abokin gaba ba. Mutanen tsibirin na da wata magana da harshensu, nuchi du takara, ma'ana rai shi ne dukiya. Mu kuma muka ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Ƴan uwa, abin da muka ɗauko daga wannan ziyara ke nan. Waɗanda suka yanke shawarar a ja yaƙin ba su ne suka kwashe tsutsa daga gyambo ba, kuma ranar da abin ya ɓaci, yaran da aka yi wa kirarin ƴan kishin ƙasa su aka fara saki. Malamansu ba mugaye ba ne, 13 daga cikinsu sun mutu tare da su. Abin da aka ba su su koyar suka koyar, ba wanda ya isa ya tambaya. Don haka mu riƙa sanin abin da ake zuba wa ƴaƴanmu a kai, a lakwal ne, a makarantar allo ne, ko a wayar da ke hannunsu. Duk wanda zai koya wa yaro cewa mutuwarsa ta fi rayuwarsa amfani, a tambaye shi ina nasa ɗan yake. Masu saurin kiran yaƙi a fada ko a Facebook kuma, da za su tsaya minti biyar a ɗakin hotunan nan, da sun rage murya.

Kuma dattawanmu da suka ga wahalhalun da suka wuce, mu zauna da su mu rubuta tun suna raye. Da matan Himeyuri sun yi shiru har kabari, da yau fim ɗin kawai za a sani.

Allah ya ba ƙasarmu da maƙwabtanmu zaman lafiya, ya tsare mana ɗiyanmu, ya sa su gama karatu su amfani iyayensu. Amin. Sai mun haɗu a tarihi na gaba.